Tsakanin Digiri da Hatimi: Akanta, Ƙungiyarsa da Ajin Ranar Asabar a Jihar Kebbi

Wani ɗan kasuwa mai harkar shinkafa ya taso daga Jega ya same ni a ofis a Birnin Kebbi, ɗansa na biye da shi riƙe da fayil. Muka gaisa, muka tambayi iyali da kasuwa, sannan ya gyara zama ya ce: "Malam, ka warware min wagga magana. Yaron ga ya yi digiri kan aikin akanta, ya yi bautar ƙasa, kuma shi ka riƙe min littattafan kamfani tun da ya dawo. Na tai banki biɗar rance, sun ce sai na kawo rahoton kuɗi mai hatimin akanta. Na ce ga akanta nan cikin gidana. Sun ce ba irin wanga ba. To Malam, akanta iri nawa na?"

Tambayar Alhaji tana bakin iyaye da yawa a Kebbi da Zamfara. Mutum ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta shekara huɗu, yana ganin ranar da yaro ya karɓi takardar digiri an gama. Sai daga baya a ce masa akwai wata ƙofa a gaba, kuma mabuɗinta ba ya hannun jami'a.

Dalili biyu ne suka sa bankin ya ƙi aikin yaron. Ɗaya, ba shi da lasisin binciken littattafan kamfani, domin ƙungiyar ƙwararru ce take ba da wannan lasisi. Ɗayan kuma, ko da yana da lasisin, ba zai yiwu ya binciki littafin da shi ya rubuta da hannunsa ba, balle a kamfanin mahaifinsa. Akanta yana rubutawa, odita yana zuwa daga waje ya duba ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin kiran odita kowace shekara, amma wannan bai hana mai ba da rance ya ce shi sai ya ga hatimi kafin ya saki kuɗinsa ba.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba baƙin irin wannan tsari ba ne. Ɗalibi yana iya haddace littafin fiƙihu daga bango zuwa bango, amma ba a sakar masa fatawa sai ya zauna gaban malami ya karanta, an ji bakinsa, an ga halinsa, sannan a ba shi ijaza. Ijazar nan tana nufin akwai wanda ya tsaya masa, kuma akwai wurin da za a kai ƙara idan ya karkace. Haka mai digirin shari'a ba ya tsayawa gaban alƙali sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi, likita ma sai majalisar likitoci ta yi masa rajista. Shaidar ƙungiyar akantoci ita ce ijazar wannan sana'a.

Kafin zuwan ƙungiyoyin, abin da kakanninmu suka sani shi ne baitulmali da ma'aji. A zamanin En'e, Gwandu da Argungu da Yawuri kowacce tana da baitulmalinta, ma'aji da malamansa suna rubuta haraji da jangali da abin da aka kashe. Sunan bai mutu ba, har yau ma'aji muke kiran mai riƙe da kuɗin ƙaramar hukuma. Ƙungiyar zamani kuwa daga Legas ta faro. A 1960 wasu 'yan Najeriya da suka ƙware a wannan fanni suka haɗa kansu, cikinsu har da Akintola Williams, wanda ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci a Ingila a 1949, ya buɗe kamfaninsa a 1952, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Wannan haɗin kai ne ya haifi cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ICAN, wadda dokar majalisa mai lamba 15 ta 1965 ta kafa. Shekaru masu yawa ita kaɗai ce ƙofa. Sai ƙorafi ya yi yawa cewa ƙofar ta yi ƙunci, masu cin jarrabawa kaɗan ne, ƙasa kuwa tana buƙatar akantoci a kowace ma'aikata. Daga nan wata ƙungiyar akantocin ta biyu, ANAN, ta fito a 1979, ta yi ta fafutuka har ta samu amincewar doka mai lamba 76 a watan Agustan 1993, a kwanakin ƙarshe na mulkin Janar Ibrahim Babangida. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin ɓangarorin biyu, har gaban kotu, ɗaya yana cewa za a zubar da darajar sana'a, ɗaya yana cewa ba a yi wa sana'a shinge don a hana 'ya'yan mutane shiga. Yau dukansu biyu doka ta san da su, gwamnati tana karɓar shaidarsu, kuma dukansu suna cikin tarayyar akantoci ta duniya, IFAC, wadda aka kafa a 1977. Da gangan ba zan faɗi wacce nake ciki ba, domin ba talla na zo yi ba, kuma na ga mutanen kirki masu riƙon amana a kowane ɓangare.

Hanyoyin nasu dai sun bambanta, kuma ya kamata uba da ɗalibi su san bambancin kafin su kashe kuɗi. ICAN hanyar jarrabawa ce, mataki uku: na tushe, na ƙwarewa, da na ƙarshe. Ba ta tilasta maka zama a wata makaranta, kana aikinka kana karatu, ranar jarrabawa ka je ka zauna. Wanda ya yi digiri ko babbar difloma a fannin akanta a makarantar da cibiyar ta tantance, ana yafe masa wasu takardun jarrabawa, ba ya farawa daga tushe. Akwai kuma wata ƙaramar hanya da mutanenmu ba su cika sani ba, wato ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma. Yaron da ya gama sakandare da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, yana iya shiga kai tsaye, ya ci kashi uku, ya samu shaidar ƙaramin akanta, wato AAT, daga nan ya wuce babbar jarrabawa tare da rangwamen takardu. Yaro ɗan Kamba ko Bunza da bai samu gurbin jami'a ba bana, ba dole ne ya zauna shekara guda yana jiran JAMB hannu rabbana ba.

ANAN kuwa hanyar makaranta ce. Tana da Kwalejin Horar da Akantoci ta Najeriya a Kwall, kusa da Jos a Jihar Filato. Mai digiri ko babbar difloma ya je can ya yi zangon karatunsa, ya ci jarrabawar kwalejin, sannan ya yi shekara biyu yana koyon aiki ƙarƙashin wani ƙwararre kafin a rantsar da shi. Wannan tsari ya yi wa ma'aikatan gwamnati da yawa daidai, shi ya sa za ka tarar da 'yan ANAN birjik a ofisoshin kuɗi na jihohin Arewa. Wanda ya fito ta ICAN yana sa ACA a bayan sunansa, in ya daɗe ya zama FCA. Na ANAN yana sa CNA, daga baya FCNA.

To a nan ne gizo yake saƙa. Da yawanmu mun ɗauki waɗannan haruffa a matsayin ƙarshen tafiya. An yi rantsuwa, an ɗauki hoto da riga, an kai takarda ofis an samu ƙarin matsayi, shi ke nan sai a naɗe tabarma. Alhali zama ɗan ƙungiya yarjejeniya ce da ake sabuntawa kowace shekara. Akwai kuɗin shekara da ake biya. Akwai tarukan bita na dole, inda ake ƙirga wa mutum sa'o'in da ya halarta, wanda bai cika ba ana iya hana shi sabunta lasisi. Wanda yake son buɗe ofishin kansa ya riƙa binciken kamfanoni, sai ya ƙara neman lasisin aiki da hatimi bayan ya yi wasu shekaru a kamfanin odita. Sannan tun da aka kafa hukumar FRC, mai sa ido kan rahotannin kuɗi, da dokar 2011, mai sa hannu kan rahoton kuɗi na manyan kamfanoni da hukumomi sai ya yi rajista da ita. Buɗe rahoton shekara na kowane banki ka duba ƙarƙashin sa hannun odita, za ka ga lambarsa ta FRC. An yi haka ne don in abu ya ɓaci a san wuyan wa za a kama.

Wani zai ce bitar nan ta mece ce, lissafi ai lissafi ne, biyu da biyu huɗu. Ga amsa. Wanda ya gama makaranta a 2008 bai karanta ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da kamfanonin Najeriya suka fara komawa kansu daga 2012 ba. Bai karanta IPSAS ba, ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati, waɗanda aka tsara a fara da kashinsu na farko a 2014, a koma cikakken tsari a 2016. Wannan sauyi ba na suna kawai ba ne. A tsohon tsari, gwamnati ba ta rubuta komai sai kuɗi ya shigo ko ya fita. Ɗan kwangila ya gama kwalbati a watan Disamba, ba a biya shi ba sai Maris, to littafin waccan shekara ba zai nuna ana bin gwamnati ko sisi ba. Haka bashin garatuti na tsofaffin ma'aikata yake ɓuya, shekara ta rufe tsaf a takarda, alhali dattawa suna zarya a sakatariya. A sabon tsari dole a rubuta bashi ranar da ya hau, a kuma ƙirga kadarori, gine-gine da motoci da injuna, a san darajarsu. Bayan wannan ga asusun bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ta tilasta a 2015, ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025. Akantan da ya bar zuwa bita tun shekara goma da suka wuce, yana zaune a kujera amma aikin ya wuce shi.

Kuma aikin yana ƙaruwa a gidanmu. Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21. Zamfara, da aka kafa a 1996, tana da 14. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aiwatarwar ta kasance, ma'anar hukuncin ita ce nauyi zai ƙara sauka a kan ma'aji da ma'aikatansa a Gwandu da Bagudo da Danko-Wasagu da sauransu. A matakin jiha, sashe na 125 na tsarin mulki ya ce babban odita ya karɓi lissafin shekara daga babban akanta, ya miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki cikin kwana 90. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018, ya ɗaure tallafin kuɗi da sharuɗɗa irin su wallafa kasafin kuɗi da rahoton odita a intanet a kan lokaci. Duk waɗannan takardu mutane ne suke haɗa su. Idan babu ƙwararru a cikin gida, sai a ɗauko masu ba da shawara daga Abuja ko Legas, su yi aikin a otal cikin mako biyu, su karɓi kuɗinsu su tafi da ilimin a jakarsu. Baɗi a sake kiransu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da ƙungiya ba ilimi ba ne, ƙashin baya ne. Wani abokin aikina ya taɓa riƙe ma'ajin wata ƙaramar hukuma. Wata rana da yamma aka kawo masa bauca ta gyaran rijiyoyin burtsatse, kuɗi masu kauri, babu rasit ko ɗaya a jiki, babu takardar injiniya mai shaida an yi aikin. Aka ce ya sa hannu, takardu za su biyo baya. Ya ɗauki baucar ya shiga wurin mai gidan nasa, ya rusuna ya ce: "Ranka shi daɗe, ba gardama nika yi ba. In na sa hannu ga wagga takarda, ƙungiya na iya soke sunana, in ko an soke shi babu inda za ni ƙara riƙon littafi har in mutu. A kawo takardun, yau ɗin ga in biya." Ba a kawo ba. Bayan 'yan makonni aka yi masa canjin wurin aiki, aka kai shi teburin da babu fayil. Ya sha wahala, iyalinsa ma sun sha. Abin da nake so a lura da shi shi ne yana da abin da zai jingina da shi wanda ya fi ƙarfin ofishin. Ƙaramin ma'aikacin da ba ya cikin kowace ƙungiya, in ya ce a'a, sai a ce taurin kai ne ko siyasa. Ɗan ƙungiya yana iya cewa akwai dokar da ta ɗaure ni.

Dokar kuwa a rubuce take. Kundin ɗa'ar akantoci na duniya ya tsaya kan ginshiƙai biyar: gaskiya, rashin son kai wajen yanke hukunci, ƙwarewa tare da kula, riƙe sirri, da kame kai daga abin da zai zubar da mutuncin sana'a. Tun 2017 an ƙara masa babi kan abin da akanta zai yi idan ya ci karo da karya doka a inda yake aiki, daga sanar da na gaba da shi har zuwa lokacin da riƙe sirri ba zai hana shi kai magana ga hukuma ba. Ƙungiyoyin suna da kwamitin bincike da zauren ladabtarwa, kuma kowa yana iya kai ƙarar ɗan ƙungiya, ba sai akanta ba. Ɗan kasuwar da wani mai hatimi ya cuce shi yana da wannan dama, sai dai mutanenmu ba su sani ba, mu kuma ba mu gaya musu ba.

Laifinmu ke nan, mu 'yan sana'a. Reshen ƙungiya a jiha ba gini ba ne, mutane ne. In mun taru sau ɗaya a shekara don zaɓe da rabon muƙamai da ziyarar ban girma, to abin da reshe zai zama ke nan. Abokin nan nawa, lokacin da aka ajiye shi gefe, mutum nawa ne cikinmu suka taka suka je gidansa? Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ina ganin reshen da ba zai iya tsaya wa ɗansa ranar da ya ƙi sa hannu a kan ƙarya ba, bai cika sunansa ba. Kuma ba a rasa samun gurbi a sama don an fito daga Arewa: Isma'ila Zakari ya shugabanci ICAN daga 2017 zuwa 2018, Farfesa Muhammad Akaro Mainoma ya shugabanci ANAN. Ana hawa can ne daga ƙasa, daga halartar taron reshe da aikin kwamiti, inda ake tsara manhaja da wuraren jarrabawa. Wanda ba ya zaure lokacin da ake rabo, ba zai yi ƙorafin kasonsa ba.

Yanzu bari in zo kan aji, domin a nan ne 'ya'yanmu suke faɗuwa. Makarantu muna da su: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Gusau waɗanda aka kafa a 2013, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kowace shekara ana yaye ɗalibai. Ramin yana tsakanin ranar yayewa da ranar rantsuwa. A Legas ko Ibadan, yaro yana fita daga ofis da yamma ya shiga cibiyar koyar da jarrabawa a unguwarsu, abokansa duk suna karatun, maƙwabcinsa ya ci bara. Yaro a Zuru ko Yawuri, in ya ce zai yi, da wa zai yi? Ga kuɗin rajista, ga na rangwamen takardu, ga na kowace jarrabawa, ga littattafai, ga kuɗin mota da masauki, ga fargabar hanya. An ce a koma karatu ta intanet, kuma yana taimakawa ƙwarai, amma mutanen Zamfara ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro. Da yawa sukan zauna sau ɗaya, su faɗi takarda biyu, su ce abin ba na 'yan Arewa ba ne. Ba gaskiya ba ne. Abin na wanda ya samu mai riƙe masa hannu ne.

Shi ya sa wasunmu muke buɗe aji ranar Asabar, a wani ɗakin makaranta da aka ara mana. Ba a biya, sai abin sayen alli da man janareta. Abokina da aka mayar teburin da babu fayil, shi ya fi kowa zuwa da wuri. Wata Asabar wata ɗaliba da take zuwa daga Argungu da goyo a bayanta ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, lissahin ya ƙi zama. Naira ɗari tara ta ɓace, tun jiya nika biɗarta." A wannan sana'a kowace naira sau biyu ake rubuta ta, inda ta fito da inda ta je, don haka in an tara ɓangarorin biyu dole su zo daidai. Nata sun ƙi. Ya matso ya duba, bai taɓa takardar ba, ya ce: "Ɗiyata, raba ɗari taran nan da tara." Ta raba, ta ce ɗari cif, babu saura. Ya ce: "To ba kuɗi ne suka ɓace ba, lamba kika juya. Duk sa'ad da bambanci ya rabu da tara babu saura, fara neman inda aka musanya lambobi biyu." Ta bi layi da yatsa, can ta tsaya. Ta rubuta 4,500 a inda ya kamata ta sa 5,400. Yadda fuskarta ta washe, ba zan manta ba. Irin wannan dabara hannu ne yake miƙa wa hannu, daga wanda ya kwana a ofis yana neman naira ɗari tara a ƙarshen wata.

A ajin nan na gane cewa rabin matsalar harshe ne. Jarrabawa da Turanci ake yin ta, kuma a matakin ƙarshe ba lissafi kaɗai ake so ba, sai ka karanta labarin kamfani mai shafuka ka rubuta shawara. Yaranmu sukan haddace ma'anar kalma ba tare da sun ga abin a idonsu ba. Don haka da Hausa muke farawa. In za mu koyar da raguwar darajar kadara, sai mu ɗauko injin casar shinkafa: an saye shi naira miliyan 10, ana sa ran zai yi shekara 10, to kowace shekara miliyan 1 tana narkewa daga jikinsa ko da ba a ga kuɗi sun fita daga aljihu ba. Mai injin da bai cire wannan daga ribarsa ba, jarinsa yake ci yana zaton riba ce. Ɗan kabu-kabu ma ya san haka a jikin babur ɗinsa. In sun kama shi da Hausa, sai mu juya mu sa su rubuta da Turanci, mu gyara, su sake.

Sashen koyar da akanta a manyan makarantu ma yana buƙatar 'yan ƙungiya. Bayan tantancewar hukumar jami'o'i ko ta kwalejojin fasaha, ƙungiyar ƙwararru tana yin tata, tana duba manhaja da ɗakin karatu da malamai. Inda sashe ya samu amincewarta, ɗalibansa suna samun rangwamen takardu, wato ragin kuɗi da ragin shekaru ga kowane yaro da zai fito daga nan. Malami ɗaya da ya daure ya ci jarrabawa, ko akanta ɗaya daga ma'aikata da ya yarda ya riƙa ɗaukar darasi na wucin gadi, yana iya zama cikon da ake nema. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su ma akwai nasu: biya wa ma'aikata kuɗin jarrabawa da ba su hutun karatu ya fi araha a kan hayar masana daga waje kowace shekara.

Batun mata yana buƙatar a tsaya a kansa. Olutoyin Olakunri ta ƙware tun 1963, ta shugabanci ICAN a 1994. Hajiya Maryam Ladi Ibrahim ta shugabanci ANAN. Wannan aiki ne da mace take iya yi daga ofis ko daga ɗakinta da kwamfuta, tana riƙe wa makarantu da shaguna da ƙungiyoyin mata littattafai. Abin da yake tare su shi ne tafiya mai nisa da kwana a wani gari. Ajin da yake cikin gari da rana, wanda miji ko uba ya san wurin ya san malaman, yana warware fiye da rabin matsalar.

Akwai kuma ilimin da muke bin jama'a bashi, waɗanda ba za su taɓa zama jarrabawa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a watan Nuwamban 2015, shinkafar Kebbi ta yi suna har Legas. Daga baya dawo da bashin ya zama abin magana. Dalilan suna da yawa, ambaliyar 2020 kaɗai ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa, amma duk wanda ya zauna da ƙungiyoyin manoma ya san cewa da yawa ba su da littafin da zai nuna wa ya karɓi buhu nawa na taki, wa ya biya, wa ya saura. Haka kwamitin masallaci, haka Islamiyya, haka 'yan adashi, haka masu albasa a Aleiru. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ta ce marubuci kada ya ƙi rubutawa kamar yadda Allah Ya sanar da shi. Ina karanta wannan a matsayin magana da mu kai tsaye. Yini guda da reshen ƙungiya zai ware ya koya wa sakatarorin ƙungiyoyin manoma yadda ake riƙe littafin shiga da fita, da Hausa, zai hana rigingimu da dama zuwa gaban alƙali. Ga kuma lissafin zakka da waƙafi da bankin Musulunci, fannin da yake da ƙa'idojinsa na musamman daga hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wanda ya kamata a ce 'ya'yan Kebbi da Zamfara ne suke kan gaba a cikinsa.

Alhajin Jega dai mun haɗa shi da wani ofishin odita mai lasisi, suka bi littattafan da ɗansa ya rubuta, suka sami 'yan gyare-gyare kan kayan da ke sito da bashin da ake bin dillalai, suka sa hatimi. Kafin su tafi ranar farko ya juyo ya tambaye ni abin da za a kashe in yaron zai bi hanyar ƙungiya, na lissafa masa kashi-kashi, ya yi shiru, sannan ya ce a fara bayan an sayar da shinkafar rani. Yaron ya karɓo takardun sakamakonsa daga jami'a ya nemi rangwame. Yanzu duk Asabar yana hawo motar Jega da sassafe, wani lokaci da tsohuwar lejar kamfaninsu a jaka, wadda mahaifinsa ya yarda mu riƙa misali da ita a allo bayan an rufe sunayen abokan ciniki. Zai zauna takardunsa na farko a zango mai zuwa.